Waɗanne waƙoƙin rawar gargajiya na ƙasashen duniya suka dace a koya wa ɗalibai?

Tambaya: Wata malama da ke koyarwa a ƙaramar sakandare ta ce an ɗora mata shirya ɓangaren raye-rayen ƙasashen waje a bikin ranar al'adu na makarantarsu. Tana da ɗalibai kusan 40, maza da mata, 'yan shekara 11 zuwa 14, kuma mako shida ya rage. Tana neman sunayen waƙoƙin da za ta nemo da yadda ake taka su.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Sunaye za ki samu, amma kada daɗin waƙa ya zama ma'auninki. Sau da yawa waƙar da ta fi daɗi a kunne ita ce ke kunyata yara a fili, domin ƙafa bugu take bi, ba ruwanta da zaƙin murya. Duk waƙar da za ki ɗauka, ki fara sauraronta kina tafi kawai, har ki gane ko bugunta bibbiyu yake tafiya, ko uku-uku, ko huɗu-huɗu, ko kuwa irin mai ɗingishin nan ne na yankin Balkan a kudu maso gabashin Turai. Bayan haka ki duba wa ke riƙe da wa, tunda iyaye ne za su zauna a sahun gaba, kuma rawar da namiji ke kama ƙugun mace ba za ta karɓu ba a yawancin makarantunmu. Sannan ki binciki abin da baitocin ke faɗa, da irin bikin da ake yin rawar a can gidansu. A mako shida, raye-raye huɗu ko biyar ne iyakar abin da yara za su riƙe da kyau. In kika haura haka, kame-kame za a gani.

Ki fara da “Delilo” daga gabashin Turkiyya, wajen Elazig da Diyarbakir. Tana cikin dangin rawar halay, wadda ake yi a jere ana saƙale da ƙananan yatsu, na kan gaba yana kaɗa hankici. Bugunta huɗu-huɗu ne: taku uku gaba, dama, hagu, dama, sai a taɓa ƙasa da ƙafar hagu, taku uku baya, sai a taɓa da ta dama. A tafiyar gaba a ɗan karkata dama domin layin ya riƙa matsawa. Shi ke nan. A rana ɗaya yara za su iya, kuma amfaninta shi ne ta koya musu tafiya tare kafin a shiga masu wuya. Da babbar ganga mai suna davul da abin busa mai suna zurna ake kiɗanta, kuma zurna dangin algaita ce, don haka sautin ba zai zo wa kunnen yara a baƙo ba.

Wadda nake ganin ya kamata ta zama ginshiƙin shirinki ita ce dabke ta Falasɗinu da Labanan da Siriya da Jodan. Waƙar da za ki nema ita ce “Ala Dal'una”, tsohuwar waƙa ce da ba a san wanda ya ƙirƙire ta ba, kowane gari da baitocinsa. A 2023 hukumar UNESCO ta sanya dabke ta Falasɗinu a jerin al'adun duniya da aka gada. Dalilin da ya sa na fifita ta: ana iya yin layin maza zalla da layin mata zalla ba tare da an rage wa rawar komai ba, haka ma ake yi a bukukuwan aure da yawa a can.

Ga takunta na asali, ƙirga shida ne, kuma layi dama yake tafiya. Ɗaya, a gitta ƙafar hagu ta gaban dama. Biyu, a ja dama gefe. Uku, a sake gitta hagu. Huɗu, a sake jan dama. Biyar, a harba hagu gaba, ƙasa-ƙasa. Shida, a dire ta da ƙarfi kusa da dama, amma ba a ɗora mata nauyin jiki ba, domin ita ce za ta sake gittawa a ƙirgan ɗaya. Nan ne kuskuren farko yake fitowa: yaro ya dire hagu ya zauna a kanta, sai ya ga ba shi da ƙafar farawa, ya ɗaga dama, ya taka na kusa da shi. Maganinsa ki sa su yi ƙirga biyar da shida su kaɗai sau ashirin, kina cewa su dire su ɗauke kamar ƙasar tana da zafi.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa. Yawancin kiɗan dabke da za ki samu a intanet huɗu-huɗu ake buga shi, alhali takun shida-shida ne. Ma'ana direwar ƙafa ba ta faɗuwa a wuri ɗaya na kiɗan kowane zagaye, sai bayan bugu 12 suke sake haɗuwa. Yaron da kunnensa ke da kaifi shi ne zai fi rikicewa, zai riƙa jiran babban bugun ganga kafin ya dire. Ki gaya musu tun farko cewa ƙirgansu za su bi, su riƙa faɗarsa da baki a makon farko. Hannuwa kuma a ƙasa ake riƙe su, kafaɗa kusa da kafaɗa. In layi ya saki har hannuwa suka miƙe, na ƙarshe jan su kawai za a riƙa yi. Kada layi ɗaya ya wuce mutum goma ko goma sha biyu. Na kan layi daga dama shi ne jagora, Larabawa na ce masa lawwih, yana juya hankici ko ɗan sanda, shi kaɗai ke da izinin fita ya yi bajinta. Ki ba wannan matsayi ga yaron da ba ya sakin ƙirga, ko da bai kai wani rawar kai ba. A wajen kiɗa, ki nemi wanda aka busa da mijwiz, wato tagwayen sarewar kara, da ganga. Na zamani da aka haɗa da na'ura yawanci ya yi wa masu koyo sauri.

In kina son wani abu na maza daga ƙasar Larabawa mai natsuwa, akwai arda ta Najd a Saudiyya, wadda UNESCO ta sanya a jerinta a 2015. Sahu biyu ne suna fuskantar juna da takubba, mawaƙi ya ba da baiti su amsa, masu ganga a tsakiya. Takun rangaji ne kawai da ɗan lanƙwasa gwiwa. Da takobin katako ko na kwali za a yi. Sauƙinta ne matsalarta, in ta wuce minti biyu masu kallo za su fara hira.

Wadda za ta tayar da fili da ihu ita ce tinikling ta ƙasar Filifin, daga tsibirin Leyte. Da sunan rawar ake neman kiɗan, kuma da kayan tsirkiya irin su jita da bandurriya ake yin sa. An kwaikwayi tafiyar wani tsuntsu ne mai suna tikling da ke tsallake tarkon gora a gonakin shinkafa. Kayan aiki: gora biyu miƙaƙƙu masu tsawon mita biyu da rabi zuwa uku, da guntayen katako biyu masu tsawon kamar santimita 75 da kaurin santimita 5, a shimfiɗa su a gicciye ƙarƙashin bakin gorar ta kowane ɓangare. Katakon nan ba ado ba ne. Shi ke ɗaga gorar daga ƙasa don kada yatsun masu bugawa su daku, shi ne kuma ke ba da ƙarar. In babu gora, bututun roba na ruwa mai kauri zai yi, har ya fi rashin zafi in ya kama ƙafa. A goge gaɓoɓin gorar da takardar yashi, tsagin gora yana yanka kamar reza.

Bugun uku-uku ne. Mutum biyu suna durƙushe suna riƙe da bakin gorar: a ƙirgan ɗaya su haɗa su, a biyu da uku su buɗe su kamar santimita 40 su buga kan katako. Mai rawa ya tsaya gora na damansa. Ɗaya, yana waje a kan ƙafar hagu. Biyu, dama ta shiga. Uku, hagu ta shiga dama ta ɗaga. Ɗaya, dama ta fita ɗaya gefen, hagu na sama. Sai ya dawo: hagu ciki, dama ciki, hagu waje. Waje, ciki, ciki. Kada ki kawo gora a makon farko. Ki ja layi biyu a ƙasa da alli ko gawayi su koyi takun, a mako na biyu a ajiye gora ba motsi, a na uku ne za ta fara motsi a hankali. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne yawancin raunin idon sawu laifin masu bugun gora ne. Suna kallon ƙafar mai rawa, sai su ji tsoro su jinkirta, ko su ji daɗi su ƙara sauri, ko su ɗaga gorar sama lokacin haɗawa. Ki zaɓi masu bugu daga cikin yaran da suka fi kowa kunnen kiɗa, ki ce su kalli juna, su ja gorar a kan katako in za su haɗa. Babu takalmi ake yin ta, kuma mai dogon siket ko zane ta ɗaure shi ya tsaya a ƙwauri, in ba haka ba gora za ta cafke shi. A asali namiji da mace ke shiga tare, amma mata biyu ko maza biyu suna yi lafiya.

Don rawar da za ta kwashe dukkan yara 40 a lokaci ɗaya ba tare da kowa ya taɓa kowa ba, ki ɗauki “Soran Bushi” ta Japan. Waƙar aiki ce ta masunta a tsibirin Hokkaido, lokacin da suke kwashe kifi daga manyan taruna zuwa jirgi. Motsin duk na aikin ne: hannu na kwaikwayon igiyar ruwa, a tsuguna a ja taru, a ja igiya daga hagu da dama, a ɗebo kaya a wurga ta bayan kafaɗa. Akwai amshi da yara ke so, jagora ya ce “dokkoisho, dokkoisho” su maimaita, ya ce “soran, soran” su maimaita. Iri biyu za ki tarar: ta gargajiya mai tafiya a hankali, da wata mai sauri da ake kira Nanchu Soran, wadda ta fito daga wata ƙaramar sakandare a garin Wakkanai, ita ce yaran makarantun Japan ke yi a ranar wasanni. Ta biyun ta fi burgewa amma tana cin cinya. Tsugunnon ƙasa sosai ake yi, ƙafafu a buɗe. In yaro ya bar gwiwoyinsa suka faɗa ciki, ko ya ɗaga diddige, gobe ba zai iya hawa matakala ba. A buɗe ƙafa fiye da faɗin kafaɗa, yatsu na kallon waje, gwiwa ta bi inda yatsu suka kalla. Ki jera su sahu-sahu da tazarar hannu biyu a buɗe, masu ƙwarewa a gaba da kuma gefe-gefe, domin in an juya gefe na gefen ne suka zama abin koyi.

Yanzu ga mai ɗan wuya, wadda zan so ki gwada da rukunin yara goma sha biyu da suka fi saurin ɗauka. Kalamatiyanos ce ta Girka, waƙoƙinta biyu da suka fi sauƙin samu su ne “Samiotissa” da “Milo mou kokkino”. A rubuce za ki ga an sa mata 7/8. Kada lambar ta tsorata ki, abin da take nufi shi ne kowane gaɓa na da ƙananan bugu bakwai da aka kasa uku, biyu, biyu. A ƙafa yana zama dogo, gajere, gajere. Kada ki sa yara ƙirga bakwai, za su ƙara na takwas ba su sani ba, su mayar da kiɗan huɗu-huɗu. Ki sa su tafa suna cewa “dooogo, gaje, gaje” har ya zauna a jikinsu, kwana biyu ko uku kafin ƙafa ta motsa.

Takun goma sha biyu ne, uku a kowane gaɓa. Ana tsayawa a buɗaɗɗen zobe, hannuwa a riƙe daidai kafaɗa, gwiwar hannu a lanƙwashe, ana tafiya dama. Gaɓa na farko: dama gefe da dogon taku, hagu ta bi ta baya, dama gefe. Na biyu: hagu ta gitta ta gaba da dogon taku, dama, hagu. Na uku a wuri ɗaya ake yi: dama gefe, hagu ta ɗan shiga gaba, a koma kan dama. Na huɗu: hagu ta koma, dama ta ɗan ja baya, a koma kan hagu. Garuruwa sun bambanta kaɗan a gaɓoɓi biyun ƙarshe, don haka ki tsaya kan bidiyo ɗaya, kada ki haɗa biyu. Inda ake faɗuwa shi ne dogon takun: yara na ɗauka babban taku ake nufi, su yi tsalle. Lokacinsa ne mai tsawo, faɗinsa daidai da sauran. Tsakanin jagora da na biyu hankici ake riƙewa, kuma wannan dabarar za ta yi miki amfani in kina son haɗa layin maza da na mata ba tare da hannu ya taɓa hannu ba.

Wani zai ce miki ai rawar Girka ita ce sirtaki. Ba ta gargajiya ba ce, an tsara ta ne don fim ɗin Zorba na 1964, kiɗan kuma na Mikis Theodorakis ne. Ban da haka tana farawa a hankali ta ƙare a guje, ana dafe da kafaɗun juna, in mutum ɗaya ya zame sai layin ya bi shi. Ki bar ta.

Daga Rasha, mutane kan ruga wa “Kalinka”, wadda Ivan Larionov ya tsara a 1860. Ita ma saurinta ƙaruwa yake yi, kuma rawar tsugunno da harbin ƙafa da ake haɗa ta da ita ta ƙwararru ce, tana lalata gwiwar wanda bai horu ba. “Korobeiniki” ta fi dacewa, yara ma za su gane ta domin ita ce kiɗan wasan Tetris na waya da kwamfuta. Baitocinta daga waƙen Nikolai Nekrasov ne na 1861, labarin ɗan koli da budurwar da suka haɗu da dare a gona, saboda haka ki ɗauki kiɗan zalla ba murya. Amma rawar Rasha da ta fi sauƙin koyarwa ita ce “Troika”, ta mutum uku-uku a jere riƙe da hannu, kwaikwayon dawaki uku da ke jan keken kan ƙanƙara. Gudu-gudu 16 gaba. Na dama ya bi ta ƙarƙashin hannun na tsakiya da na hagu a ƙirga takwas, na hagu ya yi nasa a takwas. Sai su haɗa zobe su zaga hagu taku 12 su dire ƙafa sau uku, su zaga dama haka nan. Sirrinta na tsakiya: dole ya juya ya bi wanda ke wucewa ta ƙarƙashin hannunsa, in ya tsaya ƙyam hannu zai murɗe. A riƙe hannu sako-sako yadda zai iya juyawa a cikin na abokinsa.

Kada ki tsallake Afirka don ana cewa ƙasashen waje. Rawar dogon takalmin roba ta Afirka ta Kudu, wadda Zulu ke kira isicathulo, ta taso ne daga ma'aikatan mahaƙar zinariya na yankin Johannesburg. Ba ta buƙatar lasifika sam, takalmi da tafin hannu da ƙirji su ne gangar. A haɗa ta da “Shosholoza”, waƙar leburorin da jirgin ƙasa ke kwasowa daga Zimbabuwe zuwa mahaƙa, mai bayarwa da amshi, wadda duniya ta ƙara sani a gasar kofin duniya ta wasan ƙwallon rugby ta 1995. Ki ba maza wannan. A duƙe ake yin ta, gwiwa a lanƙwashe, ƙafa ce ke tasowa ta tarar da hannu. In yaro na kai hannu ƙasa yana neman takalmin, bugun zai makara kuma bayansa zai yi ciwo. Takalmin ya ɗan fi ƙafa girma, shi ya fi amo, a sa safa mai kauri. Jimla uku ko huɗu gajeru sun isa, jagora na kiran kowace da suna. Wani amfaninta, in wuta ta ɗauke ko na'ura ta ƙi, ita za ki tura fili kafin a gyara.

Yaranmu sun saba da kiɗan Indiya ta finafinai, za su roƙe ki bangara. Asalinta rawar manoman Panjab ce, yankin da ke rabe tsakanin Indiya da Pakistan, ana yin ta lokacin girbin alkama wajen bikin Baisaki a tsakiyar Afrilu. Gangar dhol ce ke jan ta, da kauraren makaɗi a gefen babbar murya da siriri a ɗaya gefen. Ki nemi kiɗan dhol zalla mai suna chaal, bugu takwas ne mai rangaji, ki guji waƙoƙin fim, domin baitocinsu da motsinsu ba na filin makaranta ba ne. Hannuwa sama, kafaɗa na rawa, ana ɗaga gwiwa ɗaya bayan ɗaya. Minti biyu ya isa, tana cin numfashi. Ta mata a Panjab sunanta gidda: zobe, tafi, wata ta rera gajeren baiti da suke kira boli, saura su karɓe ƙarshensa, biyu su shiga tsakiya su taka su fito. 'Yan matan da suka san gaɗa ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Daga Meziko a kula da wani ruɗani. In kika nemi rawar malafa, abu biyu za su fito. “Jarabe Tapatío” ta jihar Jalisco rawar zawarci ce tsakanin saurayi da budurwa, da bugun ƙafa mai wuya. “La Raspa” ita ce ta yara: a yi tsalle a miƙa diddige gaba sau uku ana sauya ƙafa, a tafa sau biyu, sannan a saƙala gwiwar hannu da aboki a zaga. Ta fi dacewa da 'yan aji ɗaya. In kuma dariya kike so, ki nemi “Danza de los Viejitos” ta mutanen Purepecha a jihar Michoacan, inda samari ke shigar tsofaffi da sanda da malafa da abin rufe fuska, su shigo suna tari suna dafa baya, can sai su ɓarke da bugun ƙafa mai sauri da takalma masu tafin katako. Duk wanda ya taɓa ganin tsoho da gemu a tashe zai kama wasan nan take. Tarantella ta kudancin Italiya da kaɗe-kaɗen Sikotilan suna da daɗi, amma yawancinsu na namiji da mace ne bibbiyu da yawan musayar abokin rawa, ba za su biya wahalar mako shida ba.

Akwai waɗanda za ki gani a kowane jerin intanet amma shawarata ki bar su. Rawar garba ta jihar Gujarat a Indiya ibada ce ta darare tara na Navratri ga abar bautar Hindu. Bon Odori ta Japan ta bikin tarbar ruhin magabata ce. Juyin darwishan Maulawiyya na garin Konya a Turkiyya zikiri ne a wurin masu shi, ba wasan dandali ba. “Ka Mate” kuwa, ɗaya daga raye-rayen da ake kira haka, wadda ake gani wajen 'yan wasan rugby, ta ƙabilar Ngati Toa ce ta mutanen Maori a ƙasar New Zealand, sarkinsu Te Rauparaha ya tsara ta wajen 1820, har doka aka yi a ƙasarsu a 2014 kan a riƙa danganta ta gare su. Iyayen yaranki ba za su ji daɗin wasu ba in suka gane, masu su ma ba za su ji daɗin a mayar da su wasan yara ba.

Saura batun sauti da fili, inda shiri mai kyau ya fi lalacewa. Kowace waƙa ki tsaya kan ɗauka ɗaya tak tun ranar farko, domin mawaƙa biyu ba sa yin waƙar gargajiya da sauri ɗaya ko tsawo ɗaya. Ki sauke ta a waya biyu da filashi, kada ki dogara da data a ranar. Don koyo, YouTube na da wurin rage sauri zuwa 0.75, manhajar Audacity kuma kyauta ce, tana rage sauri ba tare da murya ta canza ba, tana kuma yanke waƙa. Ki yanke kowace ta tsaya tsakanin minti biyu da uku, a ƙarshen jimlar kiɗa, yara su san bugun da za su tsaya a kansa. Ki ƙirga bugu nawa ne a gabatarwar kiɗan kafin a ɗaga ƙafa, ki rubuta, domin rabin rikicin rawa a taku na farko yake faruwa. Masu koyo sun fi samun natsuwa a bugu 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Ki ƙirga tafinki na daƙiƙa 15 ki ninka sau huɗu, za ki san inda waƙarki take.

Lasifika ta kasance kusa da masu rawa, tana fuskantarsu ko a gefensu. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, don haka lasifikar da ke nesa da mita 35 tana isowa a makare da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ga amsa-kuwwa daga bangon azuzuwa. Wannan ya isa ya raba masu bugun gora da kiɗa. Janareta a kai shi bayan gini. Zoben yara 20 na buƙatar fili mai faɗin mita bakwai aƙalla. Dabke da rawar takalmin roba sun fi amo a kan dandamalin katako, siminti na cin diddige, in kuma ƙasa ce a yayyafa ruwa awa ɗaya kafin a fara don ƙura ta kwanta ba tare da ta yi santsi ba.

Rabon makonnin: na farko tafi da ƙirga da Delilo ga kowa. Na biyu da na uku kowane rukuni ya koyi takunsa a rage sauri. Na huɗu a koma cikakken sauri. Na biyar a koyi shiga da fita da tsayuwar ƙarshe, waɗanda ake mantawa har sai an ga yara na turereniya a bakin fili. Na shida a yi gwaji biyu a ainihin filin, da ainihin lasifikar, cikin kayan da za a sa. Zama uku a mako na minti 40 ya fi zama ɗaya na awa biyu. Kowane yaro rawa biyu kawai, ta rukuninsa da ta gama-gari. Kayan sawa kada su cinye kuɗin: hankici da baƙin wando ga 'yan dabke, ɗaurin goshi ga 'yan Soran, jan ɗamara ga 'yan Girka. A ranar, ki buɗe da dabke, ki sa kalamatiyanos a tsakiya inda ake son numfasawa, tinikling ta biyo baya, Soran Bushi ta rufe tunda ita ce ta kowa. Kafin kowace, ɗalibi ɗaya ya faɗi sunan ƙasar da sunan waƙar da aikin ko bikin da ta fito daga ciki, a jimla biyu, sannan a saki kiɗa.